Fuskar da ke Cikin Ruwan Gishiri

Ana gab da magariba Farfesa, shugaban ɗakin gwajinmu, ya kira ni a waya.

"Injiniya, na baro na'ura a kunne. Don Allah ki leƙa ki kashe."

Har na kai bakin titi, na juyo.

Aikinmu a ɗakin gwajin nan ba shi da wuyar bayani. Farantin gilashi ne cike da ruwan gishiri, da allurar ƙarfe a rataye samansa, tazarar ɗan yatsa. In aka saki lantarki mai ƙarfi, sai wata wuta shuɗiya ta tashi tsakanin allurar da ruwan. Da ita muke gyara fuskar ƙarafa don fenti ya kama su. Shekarata huɗu a kai, ko gashin hannuna bai taɓa babbakewa ba.

Na tura ƙofa. Wani ƙauri ya bugi hancina, irin na bayan tsawa. Wutar tana zuu, kamar ƙudan zuma a kwalba.

Na danna makunni. Ba ta mutu ba.

Na zare wayar na'urar daga bango. Ga ta a hannuna, ga wuta tana ci.

Sai ruwan ya fara kumbura. Ya yi goshi. Ya yi hanci. Ya yi baki, tsinin wutar yana caka a tsakiyar goshin.

"Kullum kuna ƙona ni," in ji shi, ƙasa-ƙasa, kamar ruwa na bin makwarara. "Me na yi muku?"

Na nemi addu'a, ta ɓace min.

Wutar ta saki allura. Ta karkato wajena a hankali.

Zobena ya ɗau zafi. Na ji ƙaurin fatata.

"Matso ki ji yadda yake."

Jikina ya sunkuya. Wallahi ba ni na sunkuyar da shi ba.

Bokiti ya yi ƙara a baranda. Mai shara ce.

"Injiniya, zan kulle fa! Ko a nan za ki tare?"

Ruwan ya faɗi, faca! Da rarrafe na fita.

Washegari na nuna wa Farfesa ƙunar yatsana, na ba shi labari. Bai yi mamaki ba. Ya cire tabarau, ya daɗe yana murza ido.

"Sau tara ina zubar da ruwan nan. Na canja faranti, na canja ɗaki. Duk ruwan da muka zuba, shi ne."

"To me ya sa ka aike ni?"

"Na ɗauka ke ba zai yi miki magana ba."

A ranar na ajiye aikin, amma ban tsira ba. Duk ruwan da ya kwanta a gabana sai na ga tsakiyarsa tana motsi, ko da na kofi ne. Jiya 'yata ta jawo bahonta har gabana, ta ce, "Umma, yau dai ke za ki yi min wanka." Na kira babanta, na shige ɗaki na rufe ƙofa.