'Yar Ejansi ba Ta da Kujera

A ƙasa na tarar da kular masata, a bakin ƙofar ɗakin hutun ma'aikata, kamar takalmin baƙo.

"Wa ya sauke min abinci daga kan tebur?"

Nafeesa, wata nas a sashenmu, ta ɗago tana juya cokali a kofin shayi. "Ni ce. Walimar Alhamis ta 'yan gida ce, Ejansi. Ke da gobe-gobe za ki ɗau akwatinki ki ƙara gaba?"

Ejansi! Sunan da suka raɗa min ke nan, alhali da ragona aka sa min Murja a Zariya. Laifina ɗaya, ejansi, wato kamfanin tura ma'aikata, ne ya turo ni wannan asibiti na Doha, kwantiragin 'yan watanni, don na toshe musu giɓin nas. Su ne suka yi kukan rashin hannu, da hannun ya zo kuma suka bi shi da harara. Majinyacin da ke tofa wa mutane yawu, nawa ne. Wanda sai an ɗaga an juya, nawa ne. Ko almakashi ya ɓata sai ka ji, "A tambayi Ejansi." Ba ni da loka, ba ni da kujera, a matakalar bayan sashe nake cin abinci. Da 'yan wata ƙasa ne ke min haka da sauƙi, amma 'yan uwana Hausawa ne kan gaba.

Duk wannan ban taɓa kuka ba. Abin da ya karya ni ranar yana zaune ne a ƙarshen tebur.

Hanif, mai gashin ƙashi na sashenmu. Hanif da ranar Juma'a a bakin teku ya rantse min cewa ni ce numfashinsa. Na zuba masa ido ina jira.

Ya dubi yayarsa Sista Zuleiha, shugabar sashen, wadda ta kawo shi Doha. Ya sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, Ejansi..."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Na sunkuya na ɗauki kulata, na wuce matakala. Masar da na yi sammakon toyawa a ɗan kicin ɗinmu na unguwar Fereej Abdel Aziz, ko ɗaya na kasa haɗiyewa.

Ban daɗe da zama ba na ji takun Hanif.

"Rabin raina..."

"Au! A nan ka tuna ni ce rabin ranka? Can ciki rubu'i ma ban kai ba."

"Murja, ki fahimce ni. Yaya ce. Ta ce macen da ke yawo da akwati daga asibiti zuwa asibiti ba za ta iya zaman gida ba. Lallaɓa ta nake yi."

"Da sunana kake lallaɓa ta? Ni ce abin yanka?"

"Don Allah ki rage murya..."

Na miƙe tsaye. "Ka ji ko? Ko a nan ɗin ma tsoro kake ji! Hanif, na jure wa kowa a asibitin nan, don ba wanda ya yi min alkawarin komai. Kai ka yi. Soyayyar bayan ƙofa ta ishe ni. Khalas, na gama!"

Na bar shi nan tsaye.

Kiransa ya yi ta shigowa, na ƙi ɗagawa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, don son bawan Allahn nan ya riga ya yi min illa. Nafeesa kuwa sai ga ta da sabon turare, kullum tana da tambayar da babu mai amsa ta sai mai gashin ƙashi. Sista Zuleiha ta tare ni a baranda, murmushi ɗauke a fuskarta.

"Na ji kamfaninku zai tura ki Oman. Allah ya kiyaye hanya. Kin ga, tsuntsu mai tashi ba a gina masa ɗaki."

"Amin, Sista. Amma tsuntsun nan shi ya riƙe miki marasa lafiya lokacin da 'yan gida suka tafi hutu."

Ta yi tsaki ta wuce.

Alhamis ta zagayo, ranata ta ƙarshe. Na sake toya masa don masu sharar sashenmu, su da ba su taɓa kirana da wani suna ba sai nawa. Ina wucewa ta ƙofar ɗakin hutu, kaina a sama, sai na ji murya ta cika baranda.

"Murja!"

Na tsaya cak.

Hanif ya taso, ya karɓi kular daga hannuna, ya ture farantin Nafeesa gefe ya ajiye ta a tsakiyar tebur.

"Hanif, kana cikin hankalinka?" in ji Sista Zuleiha.

"Yau na shigo cikinsa, Yaya. Sunanta Murja. Watanni tana ɗauke mana aikin da muke gudu, mun kasa ba ta ko kujera, har da ni cikin marasa kunyar. Na yi magana da Baba jiya, ya ce zai aika Zariya. Ita zan aura."

Cokalin Nafeesa ya faɗi ƙasa.

"Ni na kawo ka ƙasar nan!" in ji Sista Zuleiha.

"Ban manta ba, Yaya, ba kuma zan manta ba. Amma ke ma da akwati kika zo."

Sista Zuleiha ta kawar da kai gefe. Wata nas 'yar Filifin ta fara tafi a hankali, da ta ga ita kaɗai ce sai ta ɓoye hannunta.

Hanif ya jawo kujerarsa ya juyo min da ita. "Zauna, sahibata. Ki yafe min."

Na kalli kujerar nan da na daɗe ina hange daga bakin ƙofa. Ashe ta roba ce, ƙafa ɗaya ma a tsage. Hawaye suka zubo min, na share da bayan hannu.

"Na yafe maka. Amma ku riƙe kujerarku, ba ita na zo nema ba."

Na ɗauke kulata daga teburin, duk idanu suka biyo ƙamshin. Na dubi Hanif.

"Yalla, mu tafi. Ni a matakala nake cin abinci."

Ya ɗauki cokali biyu ya biyo ni, ya bar ƙofar a buɗe.