Wa Ya Kwashe Kwalaben Masu Ciki?

Ansifekta Burahima bai gama suɗe hannu daga shinkafar rana ba sai ga Madam Raliya ta faɗo komisariya, ofishinsu na 'yan sanda, kallabi a karkace. Ita ce babbar ungozomar matanite, asibitin haihuwa, wadda rabin yaran Gure suka riga ganin fuskarta kafin ta uwarsu. Matar da ko gobara ba ta sa ta sauri, yau ga ta tana haki.

"Ansifekta, an yi mana sata a labo, ɗakin awonmu."

"Magani aka ɗauka?"

"Da shi ne da sauƙi. Kwalaben awon masu ciki aka kwashe."

Ya ɗaga gira. Ya sha kama ɓarayin raƙuma da na babura, amma bai taɓa jin irin wannan ɓarawo ba.

A mota ta yi masa bayani. Akwai wata ƙwayar cuta, sitirepto B, da ke zama a gaban mace, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Uwa tana lafiya lau, amma wajen fitowa jariri kan kwashe ta, ya kama zazzaɓi da sarƙewar numfashi, wani ma ba ya kai suna. Shi ya sa bana aka soma awo. In ciki ya shiga watansa, sai a shafo da ɗan tsinke mai auduga, a rufe a kwalba, a aika Damagaram. Wadda aka samu da ita, a yi mata allura tana naƙuda.

"Sauran matan zan sake kiransu," in ji Madam. "Nasira ce ta tsaya mini a rai. Biyu ta haifa a gida, duk suka koma kafin suna. Ita ko ba sakamako sai na yi mata allurar, in dai a hannuna za ta haihu. Cikin ya sauka, na ce ta dawo bayan azahar, shiru. Wayarta ma a kashe."

Ansifekta ya ajiye sunan a ransa.

A labo suka tarar da Mubarak mai awo, saurayin da 'yan matan gari suka fi sanin turarensa da aikinsa.

"Da za ka fita ka kulle ƙofa?"

"Wallahi na kulle, ranka ya daɗe. Masallaci kawai na je."

Ansifekta ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ga wayar Mubarak a caji, ba wanda ya taɓa. Ga kwalaben jini a jere. Akwatin ƙanƙara ne kaɗai a buɗe, ƙanƙara na nan, kwalabe babu. Sai ya zura hannu a aljihun farar rigar aiki da ke rataye a ƙusa, ya fito da makulli.

"Shi ya kulle ƙofar ya komo aljihu da ƙafarsa?"

Ya matso kusa da Mubarak, ya shinshina.

"Kuma wane masallaci ne ake fitowa ana ƙamshin humra?"

"Ranka ya daɗe, Rahinatu ce ta ɗakin magani ta ce in zo mu sha shayi. Don Allah kada maganar ta fita."

Ita kuwa maganar, tun kafin la'asar ta riga ta kai kasuwa.

Ansifekta ya fito yana shafa gemu. Ɓarawon da ya tsallake waya ya ɗauki tsinken auduga, ba yunwa ce ta kawo shi ba.

A bakin ƙofa mai gadi Ɗan Talata na kishingiɗe yana sakace.

"Wa ya shiga lokacin salla?"

"Ko ƙuda bai wuce ni ba."

"Me ka ci?"

"Ni? Rabona da abinci tun safe."

Ansifekta ya sa ƙafa ya jawo wani kwanon sha daga ƙarƙashin benci. Ya ɗaga murfi, ga ƙashin kaza da maiƙo.

"To, aljanu ne suka ci maka?"

Ɗan Talata ya miƙe zaune. "Sadaka ce, ranka ya daɗe. Wata Hajja ta kawo, ta ce in shiga inuwa in ci a tsanake. Ban san ta ba, haƙorin Makka dai na gani."

Haƙorin Makka a Gure, ai sai ka kama rabin tsofaffin gari. Ansifekta ya kifa kwanon. A gindinsa an ɗiga jan farce sau uku, an ja layi a ƙasa.

Da wani namijin ne ya gani, da ya ce ƙazanta ce. Amma Burahima a hannun kakarsa ya tashi, ya san kowace mace tana yi wa kwanukanta alama don kada su salwanta a gidan biki. Ya nufi rumfar da masu ciki ke jiran awo, ya ɗaga kwanon.

"Iyayena, an tsinci wannan, ina neman mai shi."

"Laa, na Hajja Habsu ne!" mata uku suka haɗa baki. Ɗaya ta ƙara, "Matar da ta taɓa tare amarya a kan murfin kwano? Ita ta bar wannan a waje? To lallai hankalinta ba ya jikinta."

Madam Raliya ta dafe ƙirji. "Uwar Nasira ce."

Hajja Habsu ta tarbe su a tsakar gida da fara'ar da ta yi yawa.

"Maraba da hukuma. A kawo ruwa?"

"Hajja, kwanonki na kawo miki. Ina Nasira?"

"Ta tafi Kelle wajen dangin mijinta tun jiya."

"Ba takalmi ta tafi?"

A bakin ɗaki ga silifas manya, irin na mai kumburin ƙafa. Ga itacen wankan jego an tara, ga tukunya a kan murhu. Ansifekta ya zaga bayan ɗaki. A gindin katanga ya ga ƙasa sabuwar tonawa, an yayyafa ruwa, an ɗora dutse.

"Hajja, an sauka ne ba mu ji guɗa ba?"

"A'a."

"Nan ai wurin binne mabiyiya ne. In ba a haihu ba, me aka binne?"

"Kyanwa ce ta mutu."

"Kyanwa mai gata."

Ya tsuguna ya kawar da dutsen, ya tona da hannu. Farin ƙyalle ya bayyana, an naɗe shi tsaf. A ciki ga kwalabe da tsinkayensu, an wanke kowanne tas, an jera su kai ɗaya. Madam ta ce, "Innalillahi! An wanke, sun tashi aiki."

Hajja ta zauna a kan turmi, fara'ar ta gudu.

"Ni na ɗauka. Jikoki biyu na sallame da hannuna, ɗan nan, ko suna ba su samu ba. Mai duba ya ce an sami wani abu na jikin Nasira aka yi aiki da shi. Tun ranar ko gashin da ta taje ni ke binnewa. Sai yau in ji an shafo abin da ke gabanta, za a ba direba ya kai wa ƙartin Damagaram? Ina raye?"

"Na sauran matan fa?"

"Na iya karatu ne da zan gane nata? Na kwaso duka. Su ma 'ya'yan mutane ne, na yi musu sutura yadda ta kamata."

Ansifekta ya buɗe baki ke nan sai aka ji nishi daga ɗaki. Labule ya motsa, Nasira ta fito dafe da bango, zufa na zuba.

"Inna, faya ta fashe tun ɗazu, kin ɓoye mini waya."

"Koma ciki, 'yar nan, ni zan karɓe ki."

"Sau biyu ina bin taki, Inna. Wannan karon ki bar ni in bi ta Madam."

Madam ta riƙo ta, suka nufi mota.

Ansifekta ya dubi tsohuwar. "Hajja, kin shiga labo kin kwashi kayan aiki, kin mai da awon mata baya. Sai mun je komisariya."

Ta yafa mayafi, ta ɗauki kwanonta ta duba murfin, ta ajiye. A bayan mota ta zauna, kan Nasira a cinyarta. Da aka sauke Madam da Nasira a matanite, ta bi su da ido har ta hango Madam tana fasa kwalbar allura.

"Ansifekta," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "ka rufe ni yadda ka ga dama. Amma in wannan ya kai suna, akwatin kwalaben nan nasu ni zan ɗauke shi a ka har Damagaram."

Ansifekta ya tada mota. "Allah ya sa in ga ranar, Hajja. Ni zan yi miki gammo."