Tabon Wilin Motar Baba

Ranar da ta fara kai motar babanta wurin wanki, ta tarar da wani saurayi durƙushe da tsohon buroshin haƙori, yana bin lungu-lungun wilin taya.

"Malam, haƙoran mota kake gogewa?"

Ya ɗago yana dariya. "Ranki ya daɗe, ƙurar birki ce. In ta daɗe, ƙarfen take ci."

Shi ke nan, ta raɗa masa Mai Soso, shi kuma yake ce mata 'Yar Baba. Wata shida suna soyayya, har ya turo manya, Baba ya ce zai duba.

Kwatsam wata Laraba motar ta dawo wili huɗu duk sun yi dabbare-dabbare, kamar an watsa musu toka. Dogo, aminin saurayin nata da suke wanki rumfa ɗaya, ya tako har gida ya rantse aikin Mai Soso ne.

"Wanda ya kasa riƙon amanar taya zan ba 'yata? Ina!" in ji Baba.

Ta tura masa saƙo: "Ka kunyata ni gaban Baba. Kar ka sake kirana."

Ya amsa: "Ko tambayata ba ki yi ba, 'Yar Baba? Wallahi na Dogo bai yi min ciwo kamar naki ba."

Ko mako biyu ba a yi ba, sai ga Dogo ƙofar gida, wai shi ma yana ciki, sonta yake. Kai, mutum! Rannan Baba ya dawo daga doguwar tafiya a motar Mama, Dogo don neman shiga ya zabura ya fesa wa wilin sabulu mai ƙarfi, ƙarfe na zafi ƙau. Nan take tabo ya fito, irin na wancan sak.

Baba ya dube shi. "Dogo, wannan aikin hannun na san shi."

Washegari ta isa rumfa idonta jajur. Mai Soso ko ɗagowa bai yi ba.

"Na zalunce ka."

"Kin zalunce ni." Ya matse soso. "Ki kawo motar. Nata tabon kwana uku zai fita."

"Na zuciyarka fa?"

"Wannan sai a hankali, 'Yar Baba."

Baba da kansa ya zo ya ba shi haƙuri a gaban abokan aikinsa. Bayan wata biyu aka ɗaura aure, Dogo bai iya zuwa ba. Baba ya kama hannun ango ya ce, "Ga amanata. Allah Ya yi muku albarka, Ya raba ku da mugun aboki."