Masaukin da Takalmansa Ke Kallon Ciki

Ni Sallau, abu biyu ne ban taɓa yi ba a duniya: jin tsoro, da kuskuren zaɓen masauki. Na kwana a Kwatano, na kwana a Dubai. Ƙofar gida kawai zan kalla in gaya maka irin barcin da ake yi a ciki. Haka na shaida wa ƙannena a tsakar gidan Gwaggo Delu, ran da aka watse daga sunan ɗan Balaraba, wuta ta ɗauke, kowa ya jawo tabarma.

"Har a Japan ɗin, Yaya?" in ji Balaraba, tana jijjiga jaririnta.

Na ce, "Ke, rage murya. Ba a tayar da wannan zancen da ƙarfi in duhu ya yi."

Nan da nan aka matso.

Sayen injinan mota ne ya kai ni. Da na gama lodi sai na ce bari in leƙa Kiyoto, tsohon birninsu, in yi kwana irin na mutanen da. Akwai Malam Isiyaku, mutumin Maraɗi, ya daɗe a can har ya yi iyali, shi ke yi mini tafinta. Ya ce in jira ya tashi daga aiki ya raka ni.

Na ce, "Malam, ni za a zaɓar wa ɗaki? Yau na fara tafiya?"

Ya ce, "To, tunda ka ƙi, ka nemi wanda ka ji hayaniyar baƙi a ciki."

Ni kuwa hayaniyar na gudo.

Gab da magariba na shiga tsohuwar unguwa. Ana yayyafi. Lunguna matsattsu, an daɓe su da dutse, gidajen katako baƙaƙe sun jingina da juna. Masaukin da na fara leƙawa Turawa sun cika shi da jakunkuna da dariya. Na taɓe baki na wuce. Wani kuma ƙanshin naman da ba namu ba ne ya koro ni. Na yi ta kutsawa har na daina jin takun kowa sai nawa.

A ƙarshen wani lungu da ko keke ba zai shiga ba, sai ga fitilar takarda, fara. Ƙofa a buɗe. Shiru.

Na ce, yauwa, ga gidan mutunci.

A can ba a shiga da takalmi. A zaure kake tuɓewa, masu gida su juya maka su su kalli ƙofa, don in ka tashi fita ka zura ƙafa kawai. Ko'ina haka na gani. A nan kuwa takalman katako ne jere reras, dukkansu sun ba ƙofa baya. Kuma a bushe ƙamas, alhali tun la'asar ake ruwa.

Tasi'u, ɗan kawunmu, ya ce, "Kuma ba ka juya ba?"

Na ce, "Na ɗauka tsabta ce. Yi shiru."

Wata tsohuwa ta fito. 'Yar ƙarama, farar riga har ƙasa. Ta rusuna. Na rusuna. Ta ɗauki takalmina ta ajiye a ƙarshen layi, yana kallon ciki kamar sauran.

To ni ba yaro ba ne. Na san abin da ake dubawa. Da ta juya ta shige gaba sai na ɗan sunkuya na leƙa ƙasan rigarta. Babu kofato. Na yi hamdala.

Sai da muka yi nisa a wata baranda mai daɓen katako na lura. Katakon yana kuka a ƙarƙashina, ƙiii, ƙiii. Ita ko sau ɗaya. Na sake leƙawa. Kofato babu, gaskiya ne. Ƙafar ma babu.

Na ce wa raina, duhu ne.

Ta zame wata ƙofar takarda. Ɗaki fes, tabarmar ciyawa mai kauri, katifa a ƙasa. A kan katifar an ninke wata riga mai buɗaɗɗen gaba da ake ba baƙi, da ɗamararta. Ta nuna mini, ta ja ƙofa.

Na yi sallah, na ɗauki rigar. Gabanta gefe biyu ne, sai ka ɗora ɗaya a kan ɗaya ka ɗaure. Ku da kanku, wanne za ku sa a sama?

"Dama," in ji su, baki ɗaya.

To ni ma haka aka rene ni. Na ɗora dama a kan hagu, na ƙulle ɗamara tamau. Na ɗauki hoto na tura wa Malam Isiyaku, ya ga wanda ya ce sai an raka.

Ban ajiye wayar ba ta yi ƙara.

"Sallau. Wane gefe ne a sama?"

"Dama mana."

"Kwance."

"Don me?"

"Mai rai hagu yake ɗorawa a sama. Dama a sama suturar gawa ce a nan. Kwance yanzu. Wane masauki ne?"

Na kwatanta masa lungun, da farar fitila.

Ina jin numfashinsa.

"Ka ci wani abu?"

"A'a."

"Kar ka ci. Kar ka sha. Ka fito."

Wayar ta mutu a hannuna.

Na kai hannu ga ƙullin. Ya ƙi. Na sa farce. Na sa haƙori. Ni na ɗaura shi da hannuna, amma kamar da shi aka haife ni. Duk ja ɗaya sai ya ƙara matse ni.

Sai na ga inuwa a jikin takardar ƙofa. Ɗaya. Ta zama biyu. Suka yi ta ƙaruwa har suka rufe bangon. Ban ji takun kowa ba.

Ƙofa ta zame da kanta.

Tsohuwar ce a durƙushe, da kwanon shinkafa, an soke tsinken cin abinci a tsakiya ya tsaya cak. A bayanta mutane ne tsaye, maza da mata, kai a sunkuye. Na bi ƙirazansu da kallo. Kowa dama a kan hagu.

Ta turo kwanon gabana.

"Ci, ɗan nan. Tafiyar da nisa."

Da Hausa. Hausa tsantsa, irin ta tsofaffin ƙauye. Kuma leɓenta bai motsa ba.

Balaraba ta ƙanƙame jaririnta. Tasi'u ya janye ƙafarsa daga bakin tabarma.

Na ce, "Iya, na ƙoshi."

"Kowa haka yake cewa."

"Iya, ni baƙo ne. Gobe zan koma gida."

Ta ɗago ta dubi ƙirjina, ba fuskata ba.

"Ka riga ka shirya."

Na buɗe baki zan yi addu'a. Wallahi wadda ta zo mini ita ce ta shiga kasuwa. Gwiwoyina suna bugun juna.

"Yaya, ba ka ce ba ka san tsoro ba?" in ji Tasi'u, murya ƙasa ƙasa.

Na ce, "Sanyi ne. Ƙasar akwai sanyi."

Suka fara shigowa. Ɗaki ya yi warin ƙasa jiƙaƙƙiya. Wani dogo ya miƙo hannu ya kama hannun rigata. Sanyinsa ya ratsa yadin har ƙashi.

Nan Allah ya ba ni dabara. Ƙulli ya ƙi, to ai rigar ba fata ba ce. Na zare hannu ɗaya, na zare ɗayan, na damƙi wuyanta ta baya na fizgo ta sama, yadda ake tuɓe babbar riga in an dawo daga ɗaurin aure. Ta zame daga ƙarƙashin ɗamarar. Dogon ya tsaya riƙe da riga babu kowa a ciki. Ni kuma ga ni daga ni sai singileti da gajeren wando.

Suka tsaya cak. Tsohuwar ta karkata kai, ta shinshina iska.

"Af. Wannan da ransa."

Ban jira sauran bayani ba. Ta cikin bangon takardar na fita, ban nemi ƙofa ba. A zaure na ga takalmina, na miƙa hannu, sai na ga yana matsawa ciki a hankali shi kaɗai. Na bar musu. Na faɗa lungu ƙafa ba takalmi, ina gudu ina salati, har na yi karo da Turawan nan da na raina. Na rungume wani mai gemu na ƙi saki.

Da na waiga, babu fitila. Bango ne kawai.

Ɗamarar kuwa tana ƙuguna. Sai da Malam Isiyaku ya iso ya taɓa ta, ta kwance da kanta. Ya ce in riƙe, in rabu da ita za su biyo sawu. Shi ya sa nake gaya muku, duk wanda Allah ya kai can, kar ya shiga tsohuwar unguwa shi kaɗai da magariba. In ka ga takalma sun ba ƙofa baya, kai ma ba ta baya.

Na sa hannu a aljihu, na zaro ta a hankali, na shimfiɗa a tabarma. Shuɗiya, doguwa, da tuntu a baki. Kowa ya ja da baya.

Sai hasken tocila ya faɗo a kanta. Gwaggo Delu ce, ta fito da buta za ta yi alwala. Ta sunkuya, ta ɗauki abin da yatsu biyu, ta juya shi.

"Kai, Sallau. Wannan ba maɗaurin labulen ɗakina ba ne? Tun azahar nake zargin yaran maƙwabta."

Na ce, "Gwaggo, kama ce. Irinsu ɗaya da na can."

"Har da ɗinkin da na yi masa da jan zare?" Ta haska mini fuska. "Tashi ka mayar inda ka kwanto shi. Kai da ko Kwatanon ma a mota aka bar ka kana gadin kaya."