Tsintsiya A Kan Rufin Rengelink

Bangon ya koma sumul.

Na tsaya da akwatin kayan aikina a hannu, ina kallonsa kamar wadda ta yi ɓatan hanya. Ranar Juma'a na bar shi da sunaye ɗari biyu da goma sha huɗu. Yau Litinin babu ko harafi ɗaya. An kankare shi da injin fesa yashi, jar ƙura ta taru a ƙasa har tana rufe min takalmi.

Na lalubi wurin da na sani tun ina yarinya, layi na bakwai daga ƙasa, kusa da ƙofa.

Berend da Geesje. Kakana da kakata.

Babu!

"Jantien, zuciyata, ga kofinki tun bai huce..."

Muryar Wessel ce a bayana. Bai ƙarasa ba. Na ji ƙarar faɗuwar kofi a ƙasa.

"Wa... wa ya yi wannan?"

Na juyo a hankali. "Ni kake tambaya? Ginin waye?"

"Na rantse miki ban san..."

"Kai ka sa hannu, Wessel."

Ba ni na faɗa ba. Liselot ce, mai tsara adon cikin gini, ta shigo tana ƙwas-ƙwas da dogon takalmi a wurin da kowa ke sa takalmin aiki mai bakin ƙarfe. Ta miƙa takarda tana murmushi. Umarnin tsabtace bangon gabas. Ga sa hannunsa ɓaro-ɓaro, da wannan W ɗin nasa mai doguwar jela da nake yi masa tsiya a kai.

"Nan za a sa teburan shan kofi," in ji ta. "Wa zai ci kek yana kallon ƙazanta?"

Ƙazanta!

A zamanin da kamfanin saƙa na Rengelink yake aiki, duk ma'aikacin da ya yi aure, washegari zai zo da ƙusa ya karce sunansa da na matarsa a bangon nan. Shekara tamanin ana yi. Masu kamfani ba su taɓa samun wuri a jikinsa ba, bangon masu saƙa ne. Da kakan Wessel ya rufe kamfanin, a ƙofa ya liƙa takarda, ko fitowa bai yi ba. Kakana Berend bai ƙara shekara biyu a duniya ba.

Da aka ce za a mai da ginin ɗakin karatu a ƙasa, gidajen haya a sama, ni aka ba shugabancin kafintoci. Wessel, magajin gidan Rengelink, shi ne mai zanen ginin. Ranar farko na ce masa, "Ka taɓa bangon nan, na fasa maka kai da guduma." Ya yi dariya, ya dafa bangon ya yi min alkawari. Daga nan ne tsautsayi ya ja ni na so shi. So kuma ba na wasa ba.

Na zare zoben da ya sa min wata huɗu da suka wuce, na sake shi cikin ƙurar.

"Jantien, don Allah ki tsaya ki ji..."

"Jinin Rengelink ba ya canzawa. Ni ce shashasha."

"Masoyiyata..."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan! Kuma ka rubuta ka ajiye, sai na rama. A gaban duk garin nan zan rama."

Na hau kekena ina kuka, ruwan sama yana dukana, ban ma san na iso gida ba.

Kaka Geesje tana yanka burodi mai zabibi. Shekararta tamanin da huɗu, kunnuwanta sun tafi tun tana budurwa, ƙarar injinan saƙa ta cinye su. Bakin mutum take kallo ta gane magana, haka duk matan zauren saƙa suke. Ta dubi leɓena har na gama.

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye wuƙar.

"Har da Berend?"

Na gyaɗa kai.

"Da hannun hagu ya rubuta," ta ce da wannan muryar tata mai ƙarfi. "Inji ya ji masa ciwo a dama. Shi ya sa B ɗin ya karkace."

Can ta ce, "Ban ce miki ki rabu da su ba, sarkin taurin kai? Sun cinye min kunne, sun cinye min miji, ke kuma kika ɗauki zuciya kika kai musu a faranti."

"Kaka, yaushe rabonki da ƙawayenki na zauren saƙa?"

"Waɗanda ba su mutu ba? Muna haɗuwa duk Laraba. Me kike ƙullawa?"

"Saura mako biyu mu ɗora ƙarshen rufi."

Ta ƙura min ido. Sannu a hankali bakinta ya buɗe, ta yi wata dariya da ban taɓa jin irinta ba.

"Ke dai jikata ce, ba musu!"

Mako biyun nan na ƙaurace wa Wessel. Ya kira, na kashe waya. Ya aiko furanni, na ba maƙwabciya ta sa wa zomayenta. Ya zo har ƙofa, Kaka ta buɗe, ta kalle shi sama da ƙasa, ta rufe idanunta gam. A wurin Kaka, rufe ido shi ne toshe kunne.

A wurin aiki ya tare ni a gindin tsani.

"Ban tuna lokacin da na sa hannu ba, Jantien. Takardu sun yi yawa..."

"Wato kakana takarda ce cikin takardu."

"Ba haka nake nufi ba!"

"Matsa min. Ina da rufin da zan gama maka."

Ba zan yi ƙarya ba, na ga ya rame, kuma abin ya yi min zafi. Sai na shiga zauren na kalli bangon, zafin ya koma inda ya dace.

Ranar ta zo. A wurinmu, in rufi ya kai ƙololuwa, shugaban kafintoci kan hau ya kafa tuta, mai gini ya ciyar da ma'aikata ya shayar da su. In kuwa mai ginin mutumin banza ne, ba a kafa masa tuta. Tsintsiya mai sanda ake ɗaure masa, kanta a sama, duk wanda ya wuce ya san irin mutumin da ke da ginin. An daɗe ba a yi wa kowa ba, amma babu wanda ya manta.

Madam Rengelink, mahaifiyar Wessel, ta kashe kuɗi. Rumfa a tsakar gida, giya, tsiran alade, 'yan jarida biyu, har da wani kansila. Matar da ta taɓa tambayata a kan teburin cin abinci ko mu ma muna amfani da cokali mai yatsu a gidanmu. Liselot tana manne da ita kamar jakar hannu.

Sai ga tsofaffi suna shigowa. Wata da sanda, wata a keken guragu, wata jikarta na riƙe da ita. Su ashirin da shida, Kaka a gaba da hular zuwa coci.

"Wa ya gayyato waɗannan?" in ji Madam.

"Ni," na ce. "Ai gidansu ne."

Aka miƙo min tuta. Na karɓa, na ninke ta tsaf, na ajiye a kan tebur kusa da tsiran. Na hau tsani. Tun safe na ɓoye abina a bayan katakon ƙarshe.

Na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani. Tsohuwar tsintsiyar zauren saƙa ce, wadda muka tsinta a ɗakin ajiya. Na ɗaure ta da igiya, ƙulli uku.

Kowa ya ɗaga kai yana kallon rufin.

Sai kafintocina suka ajiye kofunansu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kurɓa. 'Yan jarida suka shiga ɗaukar hoto. Kansila ya tuna yana da wani taro.

"Sunaye ɗari biyu da goma sha huɗu!" na ƙwala daga sama. "Ga tukuicinku, gidan Rengelink!"

Daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Amma da na hango Wessel tsaye shi kaɗai, fuskarsa ta yi fari fat, yana kallona ba ya ko ƙiftawa, sai daɗin ya yi min ɗaci a baki.

Madam ta ja hannun Liselot suka shige zauren saƙa, suka rufo ƙofa. Tagogin zauren nan manya ne, ni da kaina na gyara su, gilashin kuma sabo ne fes. Suka tsaya daidai taga suna magana cikin fushi. Ko sauti ɗaya ba ya fitowa.

Ina saukowa na ga tsofaffin nan duk sun juya wuri ɗaya. Ido ashirin da shida sau biyu a kan taga.

Kaka ta gyara tabarau.

"Yarinyar ta ce, ke kika ce in goge, yanzu ga shi sunana zai shiga jarida."

Wata tsohuwa daga gefe ta karɓa. "Uwar ta ce, rufe min baki, ai buƙata ta biya, ta cire zoben."

"Ta ce, in ya gane fa?"

"Ta ce, ba zai gane ba. Cikin takardun gidan gonarmu na cusa masa. Ɗana ba ya karanta abin da na miƙa masa."

Wannan ta ƙarshen su kusan goma suka faɗe ta tare, da muryoyin kurame, har bango yana amsawa.

Tabɗijam! Shekara tamanin gidan Rengelink suna kurmantar da mata a zauren nan, ba su taɓa tambayar yadda suke hira a cikin ƙarar ba.

Wessel ya taka ya buɗe ƙofar. Bai ɗaga murya ba.

"Mama, takardun gidan gona?"

Ta dafe ƙirji. "Wa ya... Wessel, don kai na yi! Jikar mai saƙa..."

"Liselot, ki kwashe kayanki yau. Mama, ki tafi gida."

Ya juyo wurina a gaban kowa. Na zaci zai ce ka ga, ba laifina ba ne. Da ya faɗi haka, da mun rabu har abada.

"Ni na sa hannu," ya ce. "Ni na yi alkawari, ni na ƙi karantawa. Tsintsiyar nan tawa ce. Kar wanda ya sauke ta sai ke."

Kaka ce ta matso, ta laluba jakarta, ta zaro wata tsohuwar ƙusa baƙa ƙirin.

"Kai, ɗan Rengelink! Ka iya rubutu, ko sa hannu kawai ka iya?"

"Na iya, Kaka."

"Ban zama kakarka ba tukuna. Riƙe."

Wata uku aka yi. Duk Asabar zauren yakan cika. Mai rai ya rubuta nasa, wanda ya rasu 'ya'yansa su rubuta masa, muna duba hotunan bangon da na ɗauka tun farkon aiki don kowa ya koma bulonsa. Waɗanda ba su bar kowa ba, su sittin da biyu, Wessel ne ya karce su da ƙusar nan, Kaka tana zaune a bayansa tana yi masa faɗa.

"Zurfafa! Wannan rubutu ne ko susa?"

Hannunsa ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. Ban ce masa sannu ba. Sau ɗaya dai na ajiye masa man shafawa a kan tsani, na ce wa Kaka mantuwa na yi.

"Mantuwar gidanku," in ji ta.

Ba tsohon bangon ba ne, kuma ba zai taɓa zama shi ba. Hannayen da suka yi na farko sun tafi. Wannan ban yafe wa Madam ba, ba kuma zan yafe ba.

Asabar ta ƙarshe, saura layi na bakwai kusa da ƙofa. Kaka ta rubuta Geesje da kanta. Ta miƙa masa ƙusar.

"Kakanka ne ya kori mijina daga ginin nan, uwarka ta goge sunansa. Kai za ka mayar."

Wessel ya durƙusa. Sai ya mai da ƙusar hannun hagu.

Ban gaya masa ba. Ita ma ba ta gaya masa ba. Hoton ya duba har ya gane.

B ɗin ya fito a karkace.

Kaka ta shafa shi da yatsa. A ranar ne ta yi kukan da ta riƙe wata uku, ni ma na taya ta.

Na fita, na hau rufi, na kwance ƙulli uku. Da na sauko na same shi a gindin tsani, zoben nan a tafin hannunsa da ya yi kanta.

"Cikin ƙura na tsince shi," ya ce. "Jantien... zan iya kiran ki da sunan nan yanzu?"

Na miƙa masa tsintsiyar. "Share zauren tukuna."

Ya share tas. Sannan na miƙa yatsana.

A zauren muka yi walimar aurenmu. Madam ta zo, na zaunar da ita da hannuna a gaban bangon, tsofaffi ashirin da shida suna fuskantarta. Wuni guda ba ta buɗe baki ba sai don cin kek.

Washegari muka dawo da ƙusa, mu biyu da Kaka. Na karce Jantien manya-manya, na ba shi.

"A ina zan sa nawa, masoyiyata?"

"Ƙarƙashin nawa. Ƙanana."

Ya ɗora ƙusar zai fara, Kaka ta buga sandarta a ƙasa.

"Tsaya! Karanta abin da ke sama tukuna, kafin ka sa hannu."