Tambaya Daga Layin Ƙarshe

Gab da magariba Malam ya koma babban ɗakin lacca ɗauko tabaraunsa. Sarkin Na'ura ɗalibai ke ce masa, don shi ya kawo tsarin nan: kowace kujera da maɓallinta, mai tambaya ya danna, lambarsa ta haska a allon tebur, in Malam ya ga dama ya buɗe masa lasifika. Wai ajin ya fi ƙarfin ido. Daga nan bawan Allah ya daina ɗaga ido gaba ɗaya, ya huta.

'Yarsa ma a ajin take. Kullum lambarta na haskawa, kullum yana tsallake ta, kada a ce son kai. "Ki tambaye ni a gida," yake cewa. A gida kuma ya gaji. Ana tsakiyar zango wani ɗan zazzaɓi ya ɗauke ta.

Ɗakin na warin alli da tsohon katako. An ɗauke wuta, amma fanka ɗaya tana juyi, ƙiiƙ, ƙiiƙ.

Allon tebur ya yi ƙit, wata lamba ta haska.

Lambarta ce. Layin ƙarshe, jikin taga.

Ya ɗaga kai. Ba kowa, sai ƙamshin man da take shafawa yana saukowa layi bayan layi.

Ya danna maɓalli. Lasifika ta yi shuuu. Numfashi.

"Baba..."

Ku ji abin da sabo ke yi wa mutum. Kafin zuciyarsa ta motsa, bakinsa ya riga ta.

"A nan Malam ake cewa."

Fankar ta tsaya.

"Yi haƙuri, Malam," in ji muryar, can ƙasa-ƙasa. "Na fasa."

Lambar ta mutu.

"Mamana, tsaya! Faɗi, ina jin ki!"

Sai duk lambobin ajin suka haska lokaci guda. Kujeru suka yi ƙara kamar an jingina. Daga kowace kusurwa aka ja tsaki, dogo, mai sanyi.

Aka fara saukowa.

Bai san yadda ya sami ƙofa ba. A gaban maigadi ya zube, takalmi ɗaya.

Maigadi ya ɗaga shi, ya leƙa duhun, ya rage murya. "Malam, 'yan ajin magariba ke nan. Ba su da illa, gwale yaro ne kawai ba sa so."

Tun daga ranar, duk wanda ya danna sai Malam ya buɗe masa, ko da tambayar yaushe za a tashi ce. Lacca ba ta ƙarewa, ɗalibai har sun fara kewar zaluncinsa. Da aka zo sauya na'urar, da hawaye ya roƙa a bar ta.

In an watse yakan zauna, yatsa a kan maɓalli, ido a layin ƙarshe, har maigadi ya zo yana kaɗa makullai.

"Malam, a rufe?"

"Ɗan ƙara min kaɗan. Ita in ta yi fushi takan daɗe."