Kwalbar da Ondoa Ya Zaɓa

Ranar Asabar da la'asar Bilounga tana zaune a ƙofar kicin ɗin gidansu da ke Yaounde, tana yanka naman sa tana share hawaye da bayan hannu. Duk wanda ya tambaya sai ta ce albasa ce. Ƙarya take yi, albasar tana can cikin kwando ko ɓare ta ba a yi ba.

Gobe Lahadi ce ranar Ondoa, malamin firamaren da take so. Dokar gidan Baba Mbarga kowa ya san ta a unguwa: mai son 'yarsa ya zo cin tsire bayan an taso daga coci, ya riƙo kwalbar jar giyar inabi da ya zaɓa da kansa. Shekara talatin tsohon nan ya yi yana raba abinci a otal, wai shi da kwalba ɗaya yake gane mutum. In ya kurɓa ya sake cika kofinsa, an ba ka mata. In ya ture kofin, sai ka kama hanyar gidanku. Samari biyu ya kora haka a kan yayarta.

Gwaggo Mengue, ƙanwar Baban, ta shigo da wani abu a naɗe cikin zani.

"Ke, rufe mana baki. Ga wannan kwalbar giya, 'yar Faransa ce, irin wadda ubanki ke mutuwar so. Ki ba malamin naki ya ce shi ya zaɓa. Wa zai sani?"

Da Ondoa ya biyo ta ƙofar gida, Bilounga ta miƙa masa ita. Ya duba kwalbar, ya mayar mata.

"Ba zan shiga gidanku da ƙarya a hammata ba. Faɗa min dai, naman nan ana cika masa yaji?"

"Kai ma ka san hannun Baba."

"Mama fa? Ran nan da na zo gaisuwa na ga ba ta taɓa nama ba."

"Likita ya hana ta tun bara. Nata tsiren na yalo ne da tattasai da albasa, giya ma rabin kofi aka yarda mata ranar Lahadi." Ta galla masa harara. "Ina maka maganar aurenmu, kai kana tambayata yalo?"

Ya yi murmushi kawai ya tafi. Wallahi a ranar ji ta yi kamar ta jefe shi da kwalbar.

Washegari da azahar hayaƙin gawayi ya cika tsakar gida. Baba Mbarga na juya tsire ƙarƙashin mangwaro, Mama Eyenga na gefensa da farantinta na kayan lambu. Ondoa ya durƙusa ya gaishe su, ya ajiye wata kwalba mara ado, ko zanen zinare babu a jikinta.

Gwaggo ta kwashe da dariya. "Wannan giya ce ko zoɓo? Yaya, bari in kawo ta manya, kada a ce gidanmu ba a san abu ba." Ta dire tata a kan tebur.

Baba ya jawo kwalaben gabansa. Ya buɗe duka biyun, ya ci nama, ya kurɓi ta Gwaggo, ya ci wani, ya kurɓi ta Ondoa. Ya daɗe yana juya ta a baki.

"Da naman nan kaɗai, ta Mengue ta fi," in ji shi.

Bilounga ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zaninta na coci.

"Me ya sa ka ɗauko wannan, yaro?"

"Baba, ni ban san giya sosai ba, ba zan ɓoye maka ba. Shago na je na ɗanɗana uku. Mai nauyi irin ta Gwaggo tana da bauri, in ta haɗu da yaji da yalo sai ta koma ɗaci. Wannan kuwa mai sauƙi ce, da ɗan tsami-tsami, nama ba zai ƙi ta ba, kayan lambu ma haka. Na ga tsire iri biyu ne a gidan nan, shi ya sa."

Baba ya waiwaya wajen matarsa. Mama Eyenga, wadda aka zuba wa ta Ondoa, ta riga ta shanye rabin kofinta tas.

"Eyenga, yau kin sha?"

"Yau ta shawu, Malam. Tun bara taka ɗaci take min, bayan kun tashi nake zubarwa a gindin mangwaro. Ban so in ɓata maka rai ba ne."

Kunya ta kama tsohon ƙarara. Can ya miƙa hannu, ya tsallake kwalbar Faransa, ya ɗauki ta Ondoa ya cika kofinsa har baki.

"Shekara guda ina zuba wa matata abin da ba ta sha, ban lura ba. Kai zuwa ɗaya ka yi ka gani. Bilounga, ƙaro wa mijinki tsire."

Bilounga ta tashi tana kuka tana dariya, har ta yi tuntuɓe da kujera. Gwaggo ta jawo kwalbarta kusa tana cewa ai ita ma tun farko ta ga yaron yana da hankali.

Masu neman aure, a kula. Ba kowa ne zai iya kawo kwalba mai tsada ba, amma kowa zai iya faɗin gaskiya ya kuma duba farantin wanda aka manta da shi a wajen cin abinci. Da wannan Ondoa ya samu Bilounga, kuma har yau gindin mangwaron nan bai sake shan giya ba.